Rediyon da Ka Aiko Bai Taɓa Magana Ba

Gwandu, Jihar Kebbi.

Zuwa ga yayana, Hamma Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da manyan motocin da kake ja a can Amurka. Allah ya tsare ka a kan hanya, ya sa albarka a nemanka, ya dawo mana da kai muna raye. Mu nan gida alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana fitowa tsakar gida ta yi wa kaji faɗa, sai dai likita ya ce saboda hawan jinin a kiyaye mata tashin hankali. Gero ya yi kyau a gonar Masama, jar saniyarka ta haihu, Kawu Garba kuma yana nan da surutunsa yadda ka bar shi. Hafiza matar ƙanenmu Zayyanu cikinta ya tsufa, ko yaushe muna sauraron sauka.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, alhali ga waya. Dalili shi ne duk sanda ka kira, Inna tana gefena ta kasa kunne, kai kuma kana ta raha, sai in rasa ta inda zan soma. Shi ya sa na zauna a makaranta bayan an tashi yara na soma rubutawa, na zo gida na ƙarasa, zan ɗauki hoton takardun in turo maka. Don Allah ka nemi wuri ka tsaya ka karanta, kada ka karanta kana tuƙi. Hamma, tsoro nake ji ƙwarai, kuma a kan rayuwar Zayyanu ne.

Maganar rediyon nan ce na tauraron ɗan'adam da ka aiko masa ta hannun Alhaji Sani, don ya sa a motar hayarsa. Ranar da ya iso, in ka ga Zayyanu sai ka ce kujerar Makka aka ba shi. Bai yarda kowa a Gwandu ya taɓa masa ba, sai da ya tafi Kalgo wajen Ashiru mai gyaran wutar mota, wai shi ne hannunsa ke da tsabta. Ashiru ya kafa akwatin a gaban mota kusa da sitiyari, ya ɗora 'yar baƙar eriyar nan a kan rufi, ya bi da siririyar wayar ta ƙarƙashin robar gilashi. Da ya ga maganaɗisun ba zai riƙe ba a kan hanyoyinmu masu ramuka, sai ya bi ta da gam mai ƙarfi ya manne. Aka kunna, abu ya kawo wuta shuɗiya, ya rubuta da Turanci wai yana neman sigina. To Hamma, tun daga ranar har yau neman yake yi. Ko tari bai taɓa yi ba. Ashiru ya ce a bar shi, wataƙila sai ya saba da sararin samaniyar nan tukuna, kamar dai baƙon sa ne aka kawo garke. Daga baya wani malami abokin aikina ya duba a wayarsa, ya ce irin wannan taurarinsa a kan ƙasarku kaɗai suke watsa shiri, ko shekara nawa zai yi a nan ba zai kama komai ba.

Na san abin da za ka ce, ai Zayyanu ya gaya maka yana yi garau. Haka ya gaya maka, ina zaune ina jin sa. Ka san halinsa a kanka. Tun rasuwar Baffa kai ka riƙe shi, kai ka saya masa motar, har yau ba ya iya kiran sunanka, kuma ko a waya kake magana sai ya cire hula ya sunkuyar da kai. Yaron da ke haka ta yaya zai buɗe baki ya ce kyautar da ka aiko daga wata uwa duniya ba ta aiki? Kai ma ba ka taimaka ba, don duk kiran bidiyo sai ka ce ya nuna maka ita, shi kuma ya fita da gudu ya goge ta da hannun riga ya haska maka. Ni kaina a lokacin dariya nake yi.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma ɗan'uwanka ya je tasha yana cika baki, wai na'urarsa da tauraron ɗan'adam take magana kai tsaye, ko a tsakiyar dajin da waya ba ta kamawa ita tana kamawa. Abin da ka gaya masa ne yake maimaitawa don a san yana da wa a waje. In fasinja suka ce to a kunna su ji, sai ya ce tana hutawa, ya sa musu wa'azi daga wayarsa. Mutane suka yi ta kallon wutar nan shuɗiya da ba ta mutuwa, ba ta kuma cewa komai. Ka daɗe ba ka gida, ba ka san yadda zukata suka koma ba. Yanzu ba abin da ake tsoro kuma ake ƙi kamar infoma, wato mai kai wa ɓarayin daji labarin wanda ya sayar da sa da wanda garkensa ya ƙaru. Mu kuma ka san asalinmu na ruga ne, ko da a cikin gari aka haife mu, in irin wannan magana ta tashi ana tunawa.

Sai ga shi an kore shanun wani ƙauye can gaba da Kambaza, aka ji wa makiyayin rauni. Aka ce wai kafin abin ya faru an ga motar Zayyanu ta sauke fasinja a mararrabar ƙauyen. Ina ne ba ya sauke fasinja? Amma magana ta riga ta fita. Ni ban ji ba, Zayyanu ya ji ya ɓoye mana.

Ranar kasuwar Kalgo da ta wuce na bi shi, zan je barkar haihuwar wata ƙawata. Muna shiga tasha da hantsi na ga ba a yi mana irin hayaniyar da aka saba ba. Masu tallan da ke rugowa gilashi ba su zo ba. Kafin in sauko da ƙafata, mutane sun kewaye motar, wasu da sanduna, wasu da gora, ban san daga ina suka fito ba. Aka finciko Zayyanu ta wuyan riga, hularsa ta faɗi aka tattake. Wani dogo mai jajayen idanu, wanda daga baya na ji ƙanen makiyayin da aka sara ne, ya nuna rufin motar da sanda yana tambayar mene ne wannan. Zayyanu ya ce rediyo ne. Mutumin ya ce to a kunna, in rediyo ne ya yi magana kowa ya ji.

Hamma, ban taɓa roƙon Allah a kan ƙarfe ba sai ranar. Zayyanu ya miƙa hannu ya murɗa, ya ƙure ƙarar. Tasha ta yi tsit. Wutar ta kawo, rubutun ya fito, shi ke nan. Ina jin numfashin mutane a bayana. Can daga baya wani ya ce a kawo taya, wani ya ce akwai mai a wajen 'yan bumburutu. Na jingina da ƙofar motar, abin da ke zuwa mini a rai kawai shi ne da wane baki zan gaya wa Inna da Hafiza.

Ban san sanda na fara ihu ba. Na ce ku ji tsoron Allah, kyauta ce yayanmu ya aiko daga Amurka, tun da aka sa ta ba ta taɓa aiki ba, ba ta kama komai a ƙasar nan. Na ga wasu sun ɗan sassauta, suna kallon juna. Sai dogon nan ya juya ga Zayyanu ya ce, “In ba ta aiki, mi as sa ka bar ta bisa mota wata da watanni? Hwaɗi muna gaskiya, tana yi ko ba ta yi?” Amsar da za ta cece shi a bakinsa take. Amma ɗan'uwanka, da jini a leɓensa, ya dube ni da irin kallon da ake yi wa wanda ya tona asirin gida a kasuwa, ya sunkuyar da kai ya ce, “Kayan Hamma ba su da aibi, Adda. Tana yi.”

Wallahi da hannuna ya kai gare shi da ni zan fara marinsa. A gaban mutanen da ke neman taya, shi abin da ya dame shi kada a ce yayansa ya aiko da abin banza.

Allah ne ya kawo shugaban direbobin tashar, wani dattijo da ya san Baffa. Ya ratso mutane ya tsaya a gaban Zayyanu, ya ce duk mai son taɓa yaron nan sai ya fara da shi. Ya aika aka kira Ashiru. Ashiru ya zo, da farko har yana cewa shi motoci da yawa yake gyarawa ba zai iya tunawa ba, sai da dattijon ya daka masa tsawa sannan ya yarda shi ya ɗaura, kuma rediyo ne, kuma bai taɓa jin ya yi ƙara ba. Da wannan aka samu aka ja mu zuwa ofishin tasha aka rufe ƙofa, muka zauna har aka yi azahar mutane suka ragu. Amma dogon nan bai tafi da gamsuwa ba. Ta taga ya ce mai motar da bakinsa ya ce tana yi, kuma duk ranar da ya sake ganin abin nan a kan hanya, ba zai tsaya tambaya ba. Dattijon ya gaya wa Zayyanu ya cire ta tun kafin ya bar Kalgo. Zayyanu ya ce to. Muka taho gida, abin yana nan a kan rufi.

Har yanzu da nake rubutun nan yana nan. Kawu Garba ya zaunar da Zayyanu ya yi masa faɗa, ya ce to. Ni na yi masa faɗa, na yi kuka, na ce zan sa taɓarya in farfasa ta, ya ce in yi haƙuri. Hafiza da cikinta ta hau turmi da wuƙa tana ƙoƙarin ɓanɓare ta, gam ɗin Ashiru ya ƙi, Zayyanu kuma ya fito ya sauko da matarsa daga turmin. Abin da yake cewa kullum shi ne, in Hamma ya kira ya ce a nuna masa fa? Ya ce ba zai iya cire abin da ka sa shi ya ɗaura ba, kuma ba zai iya gaya maka ba. Inna mun ce mata ƙofar mota ce ta buge shi a baki. Kwanan nan ba ya zuwa ko'ina sai cikin Gwandu, fasinja ma sun rage shiga motarsa, amma ya ce ranar kasuwar Kalgo mai zuwa sai ya je, don in ya ƙi zuwa za a ce da gaske yana da abin ɓoyewa. Ni kuwa ko ƙarar babur na ji a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ce an zo da labari.

Ba na rubuto don in ɗora maka laifi ba, da zuciya ɗaya ka aiko, kowa ya sani. Abu guda nake roƙo. Ka kira shi yau ɗin nan, kada ka jira ƙarshen mako. Kada ka tambaye shi ko tana yi, don zai ce tana yi. Kada kuma ka ce in yana so ya cire, don zai ce ba ya so. Ka ba shi umarni irin na wa, ka ce kai ka ce a ɓanɓare ta a ajiye maka, kuma ka tsaya a kan waya har sai ka ga rufin motar ba komai. In zai ji haushina don na faɗa maka, ya daɗe yana ji, ni dai in gan shi da rai ya riƙe ɗansa ranar suna.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci. Kawu Garba da Hafiza suna gaishe ka. Ka gaida Alhaji Sani in kun haɗu, ka ce masa saƙo ya iso lafiya. Zayyanu bai san na rubuto ba, yana waje yana wanke mota, kasuwar Kalgo kuwa jibi ce.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiran jin wayar Zayyanu ta yi ƙara,

Huseina