Gwiwata da Motar Babanku

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka. Mu nan da sauƙi. Yayarka ta warke daga mura, amma ta bar wa mijinta. Gwaggonka tana nan da hawan jininta, tana shan magani in ta ga dama. Jikata ta cire haƙori. Babanku lafiyar jikinsa ƙalau, sai dai abinci da ya rage ci tun ranar da kuka yi waya. Ni kuwa gwiwa ce, kuma a kanta zan ba ka labari. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san dama da furfura na koye shi.

Auta, an gano ciwon motar!

Na san abin da ka ce, kuma ban ga laifinka ba. Ranar da ta mutu wa babanku a tsakiyar mararraba da jikata a baya, ni ma cewa na yi a rabu da ita. Amma da ka ce ran Alhamis za ka turo mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ja ta, babanku bai yi musu ba. Ya rataye makullin a ƙusa, ya ɗauki kujera ya zauna kusa da ita. Ka san tun da ya bar aiki, ita ce kasuwarsa, ita ce ziyararsa. Sai na ji tsoron wannan shirun fiye da mararrabar.

Ciwonta ka san shi. Wata safiya ta tashi lafiya, wata safiyar ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, salansa na tari, in ya taka totur ta shaƙe. Kafin a kai ta gareji da rana ta warware. Dogo makanike ya canja fulogi, ya wanke kafireta, har ya ce motar nan tsoron asibiti take, da ta gan shi sai ta miƙe.

Shekaranjiya na tashi gwiwata ta riƙe, don an kwana ana yayyafi. Ina shafa man zafi sai na ji babanku ya tayar da ita, wai ya yi mata sallama. Ta kama tarin nan. Daga ɗaki na ce masa, ai dama na san yau za ta yi, tunda gwiwata ta yi. Na faɗa ne kawai, sai na tsaya. Wallahi Auta, duk ranar da na tuna ta yi wannan abin, ina ɗingishi a ranar. Ranar mararraba ma da sanda na fito.

Babanku ya yi dariya har da tari, ya ce tsofaffi biyu sun haɗa baki. Ban kula shi ba. Na yafa mayafi na sa shi a gaba, muka tafi garejin Dogo tana tsalle da mu. Da na gaya wa Dogo, na zaci zai ce Mama koma gida. Sai ya ajiye shayinsa ya tambaye ni yaushe gwiwar take tashi. Na ce in an yi ruwa, ko raɓa ta sauka da yawa. Ya tafa hannu ya ce ashe laima ce!

Lokacin inji ya yi zafi, ta daina. Dogo ya buɗe gaban motar, ya cika baki da ruwa, ya fesa wa wayoyin fulogi kamar mai guga. Nan take ta soma rawa. Ya ce mu kasa kunne. Muka ji wani ɗan ƙara, tas, tas, tas. Ya rufa mana buhu a ka don a samu duhu, ni da babanku kai da kai kamar masu gulma, sai ga wuta shuɗiya tana tsalle daga jikin wata waya zuwa ƙarfen inji. Na yi salati da ƙarfi har masu facin taya suka leƙo. Ya zare wayar, ya lanƙwasa ta, sai ga tsaga siririya kamar gashi. Ya ce in ta jiƙe, wutar nan take bi ta gudu, fulogin ya zauna ba aiki, shi ya sa inji ke tafiya da ƙafa uku.

Ya canja wayoyin duka. Ya sake fesa ruwa, ya ƙara, har rigarsa ta jiƙe. Ko gezau. Yanzu in babanku ya gan ni sai ya ce ga babbar makanike, ni kuma in ce a biya ni kuɗin aiki.

Ba zan ɓoye maka ba, na ƙi rubuto maka sai na gwada. Yau ma an wayi gari da ruwa, gwiwata kamar ba tawa ba. Na tsaya a bakin ƙofa, babanku ya sa makulli. Murɗawa ɗaya ta tashi, murya sumul. Ya kai ni kasuwa ya dawo da ni, ta wannan mararrabar, ina riƙe da ƙofa ina addu'a, ba ta ko yi atishawa ba. Na kuma sa Dogo ya duba birki da tayoyi, don na san za ka tambaya.

To amma da muka dawo, ya sake mayar da makullin kan ƙusa. Ya ce ya riga ya amsa wa yaro, ba zai zama mai magana biyu ba. Ka san halinsa. In mutumin nan ya zo da motar ja, da hannunsa zai miƙa masa, sannan ya shiga ɗaki.

Don Allah ka hana shi zuwa. Kuma kada ka aiko ta bakina, shi za ka rubuta wa, da kanka, ka ce ya sauke makullinsa. Amsarka ta iso kafin Laraba, don ba na so ya kwana yana jiran Alhamis.

Ka gaishe da mai ɗakinka da kyau. Allah ya yi muku albarka.

Ni ce,
Mahaifiyarka