Wuƙar Baba Ta Yi Sanyi

Takhli, Nakhon Sawan

Zuwa ga ƙanena Prayun,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Wanpen, da fatan aikin masana'anta a Taiwan bai karya maka baya ba. Kowace safiya idan na zuba wa malaman haikali shinkafa a ƙwaryarsu, nakan sa sunanka cikin masu rabon ladan. Mu nan lafiya lau, an gama girbi, Inna Sangwan ta warke daga ciwon gwiwa har ta koma yawon gulmarta. Baba ne dai sai a hankali, idon ya tafi gaba ɗaya.

Maganar wuƙarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, wuƙar tsarin nan, mit mo, da tsohon malamin haikalinmu ya tofe ya ba kakanmu. Ka san dokarta: ba a zare ta don wasa, ba a tsallake ta, mace ba ta taɓa ta. Shekarata hamsin da biyu a gidan nan, ina share ƙarƙashin kantar da take, ko kubenta ban taɓa shafawa ba. Ranar Litinin ta makon jiya Baba ya sa mijina Sanit ya sauko da ita, zai dama ruwan tsarki da ita ya wanke fuska. Ya riƙe ƙotar, ya daɗe yana murza ta da babban yatsa. Can ya ce wuƙar ta yi sanyi, ƙarfinta ya gudu, hannun mace ya hau kanta. Mace kuwa ɗaya ce a gidan. Tun ranar bai karɓi ko cokali ɗaya daga hannuna ba, sai abin da Inna Sangwan ta kawo in ta tuna.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban tsaya kuka ba. Na sa Sanit ya naɗe ta a farin ƙyalle muka tafi kasuwar layu wurin tsoho Thawin, wanda masu tara tsoffin wuƙaƙe ke jin maganarsa. Ya ɗora gilashinsa a ido, bai yi minti biyu ba ya fashe da dariya. Ya ce ƙotar roba ce aka shafa wa ruwan shayi don ta yi kama da tsohon hauren giwa, rubutun addu'ar da ke jikin ƙarfen kuma inji ya buga shi, haruffan duk kai ɗaya. Na maƙerin da, in ji shi, kowane harafi da irin karkatarsa. Ya ƙara da cewa ta gaskiyar ta bi ta hannunsa shekara uku da suka wuce, wani mai tabon ƙuna a wuya ne ya kawo, yana sauri zai bar ƙasa. Ni ce na shafa wa tabon nan na wuyanka magani kana ɗan shekara shida.

Abin da ya fi ci mini rai, Baba ya sani. Mutumin da ya yi shekara sittin yana riƙe hauren giwa ba zai kasa gane roba ba. Ya auna mu biyun ne, ya ga zubar da ni ya fi masa sauƙi. Ban gaya masa zancen Thawin ba, don daga bakina ba zai karɓa ba.

Ba wuƙar nake nema ba, ta tafi. Ka kira Baba ka faɗa masa da bakinka cewa kai ka sayar da ita. Kwana tara ke nan ina dama masa kunun shinkafa yana hucewa a gabansa, wuyan hannunsa ya koma kamar kara.

Ka gaida Wanpen da Kawu Bunmi. Sanit da Inna Sangwan suna gaishe ka. Baba ma ya ce in gaishe ka, wai kar ka riƙa zama da yunwa.

Yayarka,
Lamyai