Baba, Na Iya Kiran Cilakowa

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan ba za ta kai gare ka ba, amma wa zan faɗa wa? Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: na iya fito. Fiton nan naka na kiran cilakowa, wanda kake yi a daji ta sauko kusa, baƙinka masu kallon tsuntsaye su ɗauke ta hoto. A bayan ƙofa na koya, lokacin da kake yinsa a tsakar gida kana wanke takalmanka. Mma ta ce mace ba ta fito, aljanu take kira. Shi ya sa ban bari ka ji ba.

Gida lafiya. Mma ta koma sayar da koko a Alabar, ni ke wanke kwanuka. Kawu Salisu ya rataye madubin hangen nesanka a shagonsa na Suame, wai ado.

Ni dai na kasa zama. Ina cikin wanke-wanke sai in ji kukan tsuntsu a sama, in ɗaga kai har kumfa ya bushe a hannuna. Jiya wani ɗan tsuntsu ya sauka kan wayar lantarki, bakinsa siriri a lanƙwashe. Ban san sunansa ba. Me ya sa nake sunkuyar da kai duk sanda ka ce in zo in gani?

Anti Akosua, wadda kuke kai baƙi daji tare, ta zo gaishe mu. Ta ce tun da ka tafi cilakowa ba ta amsa musu. Sun kunna mata kukanta a waya, ta yi banza da su. Har ta ce ina ma ka bar ɗa namiji. Ina durƙushe a gabanta riƙe da kofin ruwanta.

Bayan Sallah Mma za ta kai ni koyon ɗinki. In na shiga shagon ɗinkin nan, shi ke nan, kallon sama sai ta taga.

Ran Asabar Anti za ta kai baƙi. Ba zan bi ta a ɓoye ba, Baba. Ran Juma'a da rana tsaka zan tsaya gaban Mma in yi fiton, ta ji da kunnenta. In ta mare ni, na ɗauka. Sannan in roƙe ta Asabar ɗaya kawai.

Allah Ya haskaka kabarinka.

'Yarka,
Rakiya