Sunan da Ba a Raɗa Ba

Mafoni, Maiduguri.

Zuwa ga Yayana Hashim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa zuwa ga babban wanta, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mu'mina da 'yan matanmu huɗu. Allah Ya sa albarka a nemanka a can Fatakwal, Ya rufa asiri, Ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Ƙafar mahaifiyarmu Hajja ta yi sauƙi, har ta koma yin sallah a tsaye. Yarana sun koma makaranta, babansu kuma yana nan yana fama da kasuwa. Mai jego Halimatu Sadiya, matar autanmu Ridwan, tana gidansu a Galtimari tana wanka, jaririn yana shan nono sosai.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda rubutun hannu, alhali shekaranjiya muka gaisa a waya. Abin da ke bakina ba na waya ba ne, Yaya. Duk sanda ka kira ina kusa da Hajja, ga shi muryata ba ta da amana, da na fara magana sai ta karye. Shi ya sa na dawo ɗakina na zauna na rubuta, na ba Dzarma maƙwabcinmu tunda motarsa ta kaya wajenku za ta sauka. Zai haɗa maka da wani ɗan ƙunshi. Don Allah kada ka kwance shi sai ka kai ƙarshen takardar.

An gaya maka an yi sunan jaririn autanmu Ridwan, an ce yaro ya ci suna Zayyanu, ka ce Allah Ya raya, ka kashe waya. Ban sani ba ko kara ka yi, ko kuwa nisan gari ne ya sa ka manta abin da gidanmu yake jira shekara goma sha ɗaya. Ni ban manta ba. Tun ranar da Baba ya hau mota zuwa Baga sarin kifi a shekarun tashin hankali bai dawo ba, ba mu ga gawa ba, ba mu da kabarin da za mu tsaya a kai mu yi masa addu'a. Abu biyu ya bar mana, hularsa ta zuwa Juma'a da sunansa. Kai Allah Ya azurta ka da mata, ni kuma 'ya'yana dangin ubansu ne masu iko da sunansu. Saboda haka idon kowa ya koma kan Ridwan. In ya samu namiji za a mayar da sunan Baba, a riƙa kiran yaron Babakura kamar yadda ake yi a gidanmu tun kakanni, a ajiye masa hular har kansa ya isa.

Ba ka nan lokacin ambaliyar bara, bari in gaya maka. Da ruwa ya cika gidanmu na Abbaganaram, Hajja ta bar zannuwanta, ta bar kwanukan aurenta, ta bar kwalaben turaren da ta yi shekaru tana haɗawa. Hular nan kaɗai ta ƙulle a leda ta cusa ƙarƙashin ɗankwalinta, muka riƙo ta ruwa har ƙirji. Da Sadiya ta samu ciki kuwa, Hajja da kanta ta sa aka kawo mata ɗan rago, ta yi ta ba shi dusa da harawa da hannunta, ba ta yarda kowa ya ba shi ko ruwa ba. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, kowa ya sani.

To, ka san Ridwan da shagonsa na tura fina-finai a waya, amma ba ka san inda abin ya kai ba. Akwai wani fim na Turawa mai kashi huɗu da ya shiga ransa ya yi kane-kane. Jarumin wani ne mai alkyabba ruwan toka, wai baiwarsa ita ce duk inda aka kira sunansa a duniya yana ji, kafin a rufe baki ya bayyana ya yi ceto. Ba zan ɓata takardata da rubuta sunansa ba. Yana da wata mace, ban dai ji inda aka ɗaura musu aure ba, wadda ta yi rantsuwa ba za ta taɓa kiran sunansa ba, don kada ta janye shi daga ceton wani. A kan wannan matar Ridwan da abokansa suke raba hali a guruf ɗinsu na waya, wasu na cewa ita ta dace da shi, wasu na cewa wata ce mai tashi sama. Har gaba ake yi a kai, mutane da gemunsu. A wajen wannan musun ya haɗu da Sadiya, bakinsu ya zo ɗaya, abin ya kai ga aure. Ka tuna ankon ruwan toka da aka yi a bikinsu, har kana cewa bai yi kama da na biki ba? To daga can aka samo shi.

Da aka kashe jarumin a kashi na uku, Ridwan ya rufe shago kwana biyu, idonsa ya yi jawur, abokansa suna ta zuwa suna dafa kafaɗarsa. Hajja ta ce in tambayo mata wane ne ya rasu, ta aika da abincin sadaka. Na yi dariya a lokacin har da riƙe ciki. Na ce a raina yaro ne, yana da shekara goma sha uku Baba ya ɓata, tun daga nan ya manne wa kallo, a bar shi ya rage zafi. Yau ina jin haushin dariyar nan da na yi.

Inda muka yi kuskure, Yaya, shi ne babu wanda ya buɗe baki. Ka san Hajja, shekara arba'in da aure ba ta taɓa kama sunan Baba ba, sai dai ta ce babanku ko mai gidan nan. Macen da ba ta iya furta sunan, ta yaya za ta kira ɗan cikinta ta ce ga sunan da za ka sa? Ni kuma na ɗauka kai ka yi masa magana a matsayinka na babba. Kai ma na tabbata ka ɗauka abin bai kai a faɗa ba, don a gidanmu ba a taɓa faɗa ba, yi kawai ake yi. Da Ridwan ya yi wa jariri huɗuba a asibiti na so in tambaye shi abin da ya raɗa masa, sai na ji nauyi, na ce tambayar ma zargi ce. Haka kunya ta ɗaure mu duka har kwana bakwai suka cika.

Ranar suna da safe maza suka cika ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Mu muna ciki. Hajja ta yi wanka ta sa lafayarta fara, ta zauna bakin ɗakinta da hular a cinya, ta rufe ta da gefen mayafi. Tsofaffin unguwa da suka san Baba sun zo tun da wuri, har da waɗanda sai an riƙo su. An ce da Ridwan ya raɗa wa liman sunan, liman ya ɗago ya dube shi ya sake tambaya, ya maimaita masa. Aka yanka ragon Hajja. Da sanƙira ya leƙo zaure ya ɗaga murya ya ce yaro ya ci suna Zayyanu, mai guɗa ta fara ta kai rabi ta tsaya. Tsakar gidan nan ta yi tsit, har ana jin tafasar tukunya.  Hajja ta ce Allah Ya raya, ta tashi ta shiga ɗaki da abin da ke cinyarta, ta fito hannu wofi ta ci gaba da karɓar barka har la'asar.

Da mutane suka ragu na tare Ridwan a zaure. Ban san na iya faɗa haka ba. Ya ce mini Zayyanu suna ne mai kyau, ya tambayi malamai. Na ce ban ce mummuna ba ne, daga ina ya samo shi? Sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ne sunan Musulunci da ya fi kusa da na jarumin nan, kuma shi da Sadiya sun yi wa juna alkawari tun kafin aure. Ya ce ai babu wanda ya gaya masa komai, in Allah Ya kawo wani namijin sai a sa na Baba. Na ce Hajja tana da shekara sittin da takwas, da wa ya yi yarjejeniya za ta kai? Daga nan ya faɗi abin da har yanzu yake ci mini rai. Ya ce shi ko muryar Baba ba ya tunawa, kuma ba ya son duk sanda ya dubi ɗansa ya tuna motar da ta tafi ba ta dawo ba. Na tausaya masa, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ce masa ya yi kuka kwana biyu a kan fim ɗin macen da ta ƙi kiran sunan namiji, ga uwarsa a gabansa shekara arba'in tana yin haka ba kyamara ba kiɗa, bai taɓa gani ba.

Bayan kwana biyu Hajja ta aika ya zo, aka kawo jaririn ma ta gan shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya ba ta labarin mutumin da jikanta ya ci albarkacinsa, tunda ya kamata ta san shi. Shi kuma sakaran, maimakon ya gane, sai bakinsa ya buɗe. Ya kwashe labari tun daga farko, har da nuna mata a waya. Ya ce a kashi na ƙarshe matar ta je daidai inda ya ɓace, ta karya rantsuwarta ta kira sunansa sau ɗaya, sai ga shi ya dawo. Hajja ta tambaye shi ko da gaske ya dawo, ya ce ƙwarai. Ta tambayi shekara nawa matar ta yi tana jira, ya ce biyu. Ta gyaɗa kai ta ce lallai ta yi sa'a. Sannan ta karɓi jaririn ta kira shi Zayyanu da cikakken baki, ta tofa masa addu'a ta miƙa. Ba ta ce masa angona ba, ba ta ce mai gidana ya dawo ba, duk wasan da kaka take yi da jika ba ta yi ko ɗaya ba. Da na kawo maganar cewa ana iya canja suna, ta ce rago ya riga ya faɗi, kada wanda ya sake tayar da zancen, har kai.

Washegari bayan la'asar ina bayan ɗaki ina tsintar wake, ba ta san ban tafi ba. Na hango ta ta shimfiɗa tabarma tana fuskantar zaure, hular tana hannunta. Ta daɗe a haka. Can sai na ji ta ce Ya'akubu. Sau ɗaya ta faɗa, ba da ƙarfi ba, yadda ake kiran mutumin da ke ɗaki na kusa. Yaya, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta zuba wa ƙofar zauren ido tana jira. Keke ya wuce a layi, wata mai talla ta wuce, labulen buhun da ke ƙofar ko motsi bai yi ba. Na toshe bakina da zane don kada ta ji ni. Da ta gaji ta share fuskarta, ta ɗaga murya ta ce in akwai wani a gidan ya kawo mata leda da zare. Da na fito ba ta tambaye ni abin da na ji ba. Ta ce in naɗe hular in aika maka, kai ne babba, ka riƙa sawa kada asu ya cinye ta a banza, ita ta gama ajiya.

Wannan shi ne abin da ke cikin ƙunshin. Ban yafe wa Ridwan ba tukuna, ban yafe wa kaina ba, kai ma ina da ƙorafi a kanka, don kira ɗaya daga gare ka da ya wadatar. Amma kada ka kira shi da faɗa, Hajja ta hana, yaron kuma ba shi da laifi, kyakkyawa ne, goshin Baba ne da shi sak.

Ka gaishe mini da Anti Mu'mina da kyau, ka ce turarenta yana nan tafe in an samu mai zuwa. Ka shafa mini kan Ammatullahi da Hajara da ƙannensu. Babansu yara yana gaishe ka, Ketura matar Dzarma ma ta ce in miƙa gaisuwarta. Hajja ta ce Allah Ya yi maka albarka, tana sa ranka da Babbar Sallah.

Roƙo ɗaya nake yi maka. Ranar da za ka zo, in hular tana kanka, ka cire ta tun daga bakin layi ka sa a aljihu. Tsayinku ɗaya da Baba, tafiyarku ɗaya, kuma har yau in ta shimfiɗa tabarma zauren take fuskanta.

Wassalam. Taka ƙanwa,

Aisa.