Gayyatar Auta

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da aikin asibitin naku da ba ya ƙarewa. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mamanki da ke motsa mata in an yi ruwa.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Shekara talatin da na yi ina ɗinkin littattafai a tsakiyar injinan maɗaba'a sun tafi da kunnena. In na kara waya sai in ji kamar daga ƙarƙashin ruwa ake magana. Shi ya sa na ba direban motar safe wannan takarda.

Albishirinki. Ƙaninki Auta ya gayyace mu, ni da mamanki, mu je mu yi hutun wata guda a wurinsa. Ni da ban taɓa yin hutu ba sai na zazzaɓi. Shekara shida ke nan rabonmu da shi.

Na sayo taswirar ƙasar na manna a bangon falo. Girmanta ya ba ni tsoro. Jirgin ƙasa kwana shida yake yi kafin ya ratsa ta, kuma mutanen gabas suna cin abincin rana na yamma ba su farka ba. Garin da Auta yake aikin yankan katako ɗan ɗigo ne can sama, sai da na sa tabarau na gano shi. Mamanki ta daɗe tana kallo, ta ce a irin wannan wuri in mutum ya ɓata ta ina za a fara nemansa. Na ce mata mu buɗe ido za mu je, ba ɓata ba.

Auta ya haɗa mu da wani abokinsa a nan garin, mutum mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni. Mamanki ta sa masa Mai Turare, don in ya tashi ƙamshinsa kan wuni a kujera. Shi ya karɓi fasfonmu, shi zai yi biza da tikiti.

Yanzu saƙon rubutu Auta yake turowa. Ya ce an mai da su cikin daji, layin waya ba ya ɗaukar kira. Ni hakan ma ya fi mini.

Ki nemo mana rigunan sanyi masu kauri, da maganin hawan jinina na wata biyu. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da kyau, kai da Mama. Wasiƙarka ta same ni ina fitowa daga ɗakin haihuwa, na karanta a tsaye ina dariya. Yara sun ce kakansu zai koma Bature. Rigunan da maganin suna nan tafe ranar Asabar.

Amma Baba, ka yi mini haƙuri, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na zauna na lissafa, wata biyar ke nan ban ji muryar Auta ba. In na kira, wayar tana shiga har ta katse, ba a ɗauka. Bayan minti kaɗan sai saƙo ya shigo wai ba layi. To layin da ya kai kira, ta yaya zai kasa ɗaukarsa?

Kuma tun yana koyon magana yake ce mini Sarkin Faɗa, ko ranar aurena bai fasa ba. Yanzu saƙonsa da "Yayata mai daraja" yake farawa. Yaushe Auta ya koyi daraja ni?

Wannan abokin nasa ban taɓa jin labarinsa ba, alhali ba abokin Auta da ban san ko laƙabinsa ba. Ina ofishinsa yake? Wa ya san gidansu?

Ba hana ku tafiya nake yi ba, kun cancanci hutun nan fiye da kowa. Roƙona guda ne: Mama ta ji muryarsa da kunnenta kafin ku ɗaure kaya.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa, kaya sun iso, an gode. Rigar ta yi mini yawa a kafaɗa, mamanki ta ce kamar an rataye ta a ƙusa.

Wasiƙarki kuwa ba ta yi mini daɗi ba. Yaro ya girma ya koyi ladabi, sai ya zama abin zargi? Duk da haka na yi abin da kika ce. Mai Turare ya yi masa magana, washegari Auta ya turo saƙon murya. Mamanki ta saurara har sau uku. Ta tashi ta shige ɗaki, na san kewa ce ta kama ta.

Biza ta fito, na gan ta da idona. Ranar Lahadi ta sama za mu tashi. Hanyar dai da tsawo: jirgin sama uku ne, kuma za mu kwana ɗaya a wata ƙasa a tsakiya, inda wani zai tarye mu. Na tambayi dalilin da ba za mu bi ta miƙe ba, ya ce kujeru sun ƙare.

Ki ji irin kirkin mutumin da kike tuhuma. Ya ga tsohon akwatina na ƙarfe ya ce ba za a bar shi ya shiga jirgi ba. Jiya sai ga shi da sababbin akwatuna biyu masu taya, shuɗi da baƙi, kyauta daga Auta. Ya ce kada mu ba kowa aro, kada kuma mu ajiye su inda rana take. Na ɗaga na ji da ɗan nauyi ko da ba komai a ciki, amma kayan zamani haka suke, ƙarfen hannun kaɗai ya isa. Shafin cikin yana warin sabon gam, irin wanda muke manna bangon littafi da shi. Har ya tuna mini da wurin aiki.

Ki kwantar da hankalinki, ki yi mana addu'a.

Mahaifinki

*

Babbar 'yata,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutuna, na daɗe ban riƙe biro ba. Babanki bai san na rubuto ba, ni na kai wa direba da kaina.

Muryar da aka turo ta Auta ce, amma tsohuwa ce. Saƙon bara ne da ya turo lokacin da yake mura. Har tarin da ya yi a tsakiya yana nan, da ƙarar ƙofar da aka rufe a bayansa. Ina da shi a wayata, na kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Sai na yi abin da Allah ya yafe mini. Na rubuta masa cewa Kawunku yana gaishe shi. Kin san shekara biyu ke nan da rasuwar yayan nan nawa, kin kuma san Auta ya yi kuka a waya har ya kasa magana. Amsa ta zo kafin in ajiye wayar: "Ki gaishe shi da kyau, ki ce zan aiko masa da tsaraba."

Na zauna a ƙasan kicin.

Da babanki ya dawo daga aski na nuna masa. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Na yi ta magana ya juya mini kunnen da ba ya ji ko kaɗan. Na zagaya ta ɗayan. Sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Wanda ke riƙe da wayar nan ya san inda yaron yake. In muka ƙi zuwa, wa za mu tambaya?"

Ke 'yar nan, babanki ya sani. Ina jin ya riga mu sani. Kwana uku ke nan yana zama gaban akwatunan yana shafa cikinsu da yatsa, abinci sai na yi da gaske yake taɓawa. Mai Turare kuma yanzu kullum sai ya zo, ya zauna yana murmushi yana tambayar ko mun gaya wa wani ranar tafiya. Jiya ya tambayi asibitin da kike aiki. Na ce na manta sunansa.

Ki zo.

Mamanki

*

Baba da Mama,

Ina gaishe ku. Ba zan tsawaita ba, direba yana jira.

Akwai wani likita a nan da ya yi karatu a ƙasar, yana jin yarensu. Ya kira mini ofishin kamfanin katakon. Sun ce ba a taɓa mai da Auta cikin daji ba. Wata biyar da suka wuce, ranar hutunsa, wasu mutum biyu suka zo da mota ya bi su, bai dawo ba. Kayansa suna nan a ɗakinsa. Sun zaci gida ya gudo.

Baba, don girman Allah kada ka sa ko safa ɗaya a akwatunan nan. A ƙasashen da za ku bi, abin da nake zargin yana ciki, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne, kuma ba sa duba furfura. Ku kai maganar ga 'yan sanda yau. In kana jin nauyi, ka jira ni. Na sami wadda za ta karɓe ni aiki, ranar Juma'a ina nan tafe, tunda tafiyar sai Lahadi.

Na san ɗanka ne. Ni ma ni na goye shi. Amma kada mu rasa mutum uku wajen neman ɗaya.

'Yarka

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Yau Laraba da safe. Za ki sami wannan takarda a kan tebur, a ƙarƙashin kwalbar magani.

Kin yi gaskiya, ki yafe mini faɗan da na yi miki. Tun ranar Litinin na ɗauko wuƙar aikina na ɗaga shafin baƙin akwatin. Ƙunshi takwas ne a shimfiɗe, kowanne kamar siririn littafin rubutu, da farin gari a ciki. Na mayar na manne. Aikina ya fi nasu kyau, ba wanda zai gane an taɓa.

Jiya da la'asar Mai Turare ya zo ya ce an dawo da tafiya yau. Na ce masa ba inda za ni sai na ga fuskar ɗana a waya. Ya yi magana ban ji ba. Ya maimaita ban ji ba. Sai ya ciro biro ya rubuta a bayan ambulan ɗin tikiti, ya miƙo mini da hannu biyu:

"Lafiyarsa tana hannunka, Baba."

Daga nan ya durƙusa ya yi mini sallama kamar kullum.

Na gaya masa ƙafar mamanki ta tashi, ba za ta iya tafiya ba. Bai so ba, amma ya yarda da akwati ɗaya, ya tafi da shuɗin. Na kai mamanki gidan ƙanwarta, can za ki same ta. Kada ku kwana a gidan nan.

Lokacin da muka raka Auta na lura akwai ɗakin jami'ai a hannun hagu in ka shiga filin jirgi, layin awon kaya kuma yana dama. In na yi hagu, wataƙila na kashe ɗana da hannuna. In na yi dama, na ɗauki guba na kai wa 'ya'yan wasu, kuma ban san ko akwai wanda zan tarar a can ba. Shekarata sittin da takwas, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Har yanzu da nake rubutun nan ban yanke ba.

Ga motarsa nan ta tsaya a ƙofa. Ki kula da mamanki.

Mahaifinki

*

Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kin koma aiki lafiya.

Ranar da jami'ai suka sako ni kin tambaye ni me ya sa na yi hagu na miƙa musu akwatin. Ga amsar. A bakin ƙofa ne na tuna cewa wanda ke riƙe da ɗan mutum a raye ba ya buƙatar turo tsohon saƙon murya. Mai Turare yana hannunsu har yanzu. Ya rantse bai taɓa ganin Auta ba, lamba kawai aka ba shi. Wayar Auta kuma tun ranar a kashe take.

Jiya suka kira ni ofis. Hukumar ƙasar da Auta yake aiki ta sami wani mutum a wani gari, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa daga kamfanin. Ba takarda a jikinsa, amma shekarun sun yi daidai, da tsawon. Suna son wani daga gida ya je ya duba fuskarsa. Na tambayi jami'in ko a gadon asibiti yake ko a ɗakin ajiye gawa. Ya ba ni amsa, amma ya sunkuya yana neman takarda a lokacin, ban ga bakinsa ba balle in gane abin da ya ce. Ban sake tambaya ba.

Ki nemi izini a wurin aiki, ki zo da fasfonki, ke za ki raka ni. Mamanki na ce mata an gan shi, ban ƙara komai ba. Tun jiya take guge masa riguna.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki