Hutun da Muka Ɗora Miki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, laifi na zo amsawa. Shekaranjiya a cikin keke napep na ji wata likita a rediyo tana cewa tsofaffin da ƙwaƙwalwarsu ke da kaifi, suke kuma aiki da ita, sau da yawa sun fi daɗewa a duniya. Har na wuce inda zan sauka ban sani ba.

Ke na tuna a kasuwar Beji, kina tafinta tsakanin manoman Gbagyi da Nufawa masu sayen doya, harshe uku a bakinki ba tuntuɓe. Ki juya irin doya sau ɗaya ki ce ba zai tsiro ba, mai gardama ya shuka ya gani.

Sai muka samu aiki, mu 'yan boko. Ni da Yaya Sani muka ce za a zage mu, uwarmu na shan rana. Muka ɗauko ki zuwa birni, unguwar Shango, ga fanka ga talabijin. Kin ɗauki tsintsiya, a ce ki huta. Kin tambayi labarin kasuwa, a ce ki huta. Kin taɓa ce mini, "Jummai, wuƙar da aka ajiye tsatsa take yi." Na yi dariya, na ƙara miki filo.

Cikin shekara biyu yaren Gbagyi ya kuɓuce miki, sai Nufanci, daga baya har sunana.

Na sani kwana na Allah ne, ban ja da wannan ba. Amma mun raba ki da aikin da ke wasa miki kai, muka kira shi gata. Abin yana ci na, Inna.

Ƙawarki Goggo Ladi, wadda ta girme ki, tana nan Beji tana zaɓen iri, tana faɗa da dillalai. Jiya ɗanta ya kira ni da murna, wai ya gama gina mata ɗaki a birni, a unguwar Barkin Sale. Na roƙe shi ya bar ta a kasuwarta. Ya ce ai mu ma mun yi wa tamu. Na ce masa shi ya sa.

Ki yafe mana, Innata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna kina gane ni.

'Yarki mai kewarki,
Jummai