Kaset ɗin Ranar Buɗe Kwaleji

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki? Ina fata maganin shansa kike yi, ba ɓoyewa a ƙarƙashin matashi ba kamar yadda kika saba.

Ni ina nan ɗakin adana tarihin kwaleji, ni da kwalaye da gara. Wata dattijuwa ta zo mini, matar mai gyaran wutar kwalejin na dā, wanda ya rasu tun kafin a ɗauke ni aiki. Wai muryarsa na cikin kaset ɗin ranar buɗe kwaleji, don shi ya haɗa lasifika. So take ta ji.

Na ce ba zai yiwu ba. Kaset ɗin ɗaya ne tak, jawabin shugabanmu na farko na ciki, kuma zaren ya tsufa har yana mannewa. Doka ta hana kunna shi sai an kawo na'urar kwafewa, wadda ake mini alkawarinta tun ina da baƙin gashi. Ba ta yi musu ba. Zama ta yi a benci har aka tashi.

A gaida yara.
Ƙaninki, Baba Kwali

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Kin ce taurin kaina na gado ne. Na ji.

Dattijuwar ba ta fasa zuwa ba. Na lura kunnen hagu take juyo mini, shi ma sai na ɗaga murya. 'Yarta da ke rako ta ta ce likita ya ce jin nata tafiya yake yi. Na leƙa ofishin magatakarda, an ce na'ura sai baɗi. Baɗi kuwa na yi ritaya, kuma ban taɓa ɓata ko da hoto ɗaya ba. Abin yana damuna, ba zan ɓoye miki ba.

Naki, Baba Kwali

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kin samu sauƙi, na kunna.

Na goge tsohuwar rediyonmu mai kaset, na ƙure mata murya, dattijuwar ta manna kunnenta a jiki. Aka ji hayaniya, sai wani ya yi tari, ya ƙwanƙwasa makirfo, ya tambaya ko ana ji a baya. Shugaba ya buɗe baki ke nan, rediyo ta cinye zaren. Na zaro shi a dagule, ba ya gyaruwa. Jawabin ya tafi.

Ita kuwa dariya ta yi, tana share ido da gefen mayafi. Ta ce tarin nan ba irin maganin da ba ta dafa masa ba.

Na kai rahoto da hannuna, gobe zan gurfana gaban kwamiti. Da za ta fita na yi mata sallama daga bayanta, da ƙarfi. Ba ta waiwayo ba.

Ki sha maganinki.
Ƙaninki, Baba Kwali